Sunan Titi Mai Haske: Daga Fitilun Gas na Landan Zuwa Mahaɗar Ɗaki Takwas

Allon sunan titi mai haske siririn akwati ne na alminiyam. Fuskokinsa biyu na roba ne mai barin haske ya ratsa, an rubuta sunan titi a kansu, a ciki kuma akwai fitila. Da rana ba shi da bambanci da kowane allo. Da zarar magariba ta yi, wata 'yar na'ura mai jin gushewar rana sai ta kunna fitilar, sunan ya fito tar, direba ya karanta shi tun daga nesa. Galibi ana rataye shi ne a hannun ƙarfen da ke riƙe da danja a manyan mahaɗu, domin an riga an ja wayar lantarki zuwa wurin, kuma dama can ne idon direba yake.

Dalilin sa masa fitila yana da nasaba da yadda aka ƙera mota. Fitilar mota ƙasa take haskawa don kada ta kashe idon mai tahowa, saboda haka allon da ke rataye can sama ba ya samun haskenta sai kaɗan. Ga kuma fitilun shaguna da allunan talla suna gasa da shi. A titi mai hannu uku ko huɗu kowane ɓangare, wanda bai ga sunan mahaɗa da wuri ba ba zai iya komawa hannun da zai yi kwana ba, in kuwa ya matsa sai ya jawo haɗari.

Rubuta sunan titi a kusurwa bai daɗe ba idan aka kwatanta da shekarun birane. A Paris sai a 1728 ne shugaban 'yan sandan birnin, René Hérault, ya ba da umarnin a kafa faranti mai sunan titi a gidajen da ke farko da ƙarshen kowane titi, a shekarar da ta biyo baya kuma aka koma sassaƙa sunan a dutse. A 1805 aka tsara lambobin gidaje, a 1844 aka fito da shuɗin farantin nan mai farin rubutu da ake gane birnin da shi har yau. Ba mazauna unguwa ne suka nemi wannan ba, su sun san hanyarsu. Masu buƙatarsa su ne ɗan sanda da mai karɓar haraji da ɗan aiken gidan waya, wato hukuma da baƙo.

Haske ya shigo ne da fitilar gas. A 1807 aka haska titin Pall Mall na Landan da ita, kafin ƙarshen ƙarnin kuma ta bazu a biranen Turai da Amurka. Tunda akwai fitila a kusan kowace kusurwa, sai wasu birane, ciki har da New York, suka riƙa sa sunan titi a jikin gilashinta. Wannan shi ne kakan allo mai haske na yau, kuma don mai tafiya a ƙasa da mai keken doki aka yi shi.

Mota ce ta sauya lissafin, domin mai gudu ba shi da lokacin tsayawa ya ɗaga kai. A 1935 Amurka ta fitar da kundinta na ƙa'idojin alamomin hanya, wanda ake ta yi wa gyara har yanzu. Daga cikin sharuɗɗansa a yau akwai cewa alama ta kasance mai mayar da haske ko mai fitila, yadda siffarta da launinta za su zama ɗaya dare da rana. Hanya ta farko ta samu ne a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da kamfanin 3M ya fito da wata leda mai ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba. A 1939 aka fara gwada ta a kan titi a Minneapolis. Tun daga nan ledar ta yi rinjaye kusan ko'ina, don ba ta cin wuta, ba ta da ƙwan da zai ƙone. Allo mai fitila ya tsira ne kawai a wuraren da ledar ta gaza.

Shi ya sa aka fi ganinsa a biranen Amurka da suka girma bayan zuwan mota: Phoenix, Las Vegas, garuruwan da ke kewaye da Los Angeles, da biranen jihar Florida. A Phoenix manyan tituna a miƙe suke, mil ɗaya tsakanin kowane biyu, kuma mahaɗunsu sun yi kama da juna ƙwarai, ta yadda in ba da suna ba baƙo ba zai bambanta su ba. Kundin ƙa'idojin ya ba da shawarar manyan haruffan allon da ke rataye a sama su kai inci 12, ninkin na allon da ake kafawa a sanda a cikin unguwa. A tsakiyar New York ma akwai irinsu a yankin titi na 34, amma a can ƙungiyar raya harkokin kasuwancin yankin ce ta kafa su.

Turai ba ta bi wannan sahu sosai ba. Titunanta matsattsu ne, sunan yana manne a bango, fitilar kan titi ta ishe shi. Ingila ma a 2016 rage yawan alamomin hanya da doka ta wajabta a haska ta yi, don rage kuɗin wuta da na gyara. A Mosko kuwa akwatin da ke jikin gini, mai ɗauke da sunan titi da lambar gida, shi ne ake haskawa, a Balin da Hambug kuma doka ta ce lambar gida ta kasance a haske da dare, domin motar asibiti da ta kashe gobara. Japan ta kauce wa batun gaba ɗaya, don yawancin titunanta ba su da suna, da lambar rukunin gidaje ake adireshi. Koriya ta Kudu, wadda a da take kan irin wannan tsari, ta koma ga sunan titi gaba ɗaya a farkon 2014. Alhazai ma sun san amfanin abin ko da ba su kira shi da suna ba: wanda ya fito daga Harami bayan Isha'i cikin cunkoso, lambar ƙofa da ke haske a sama ce take nuna masa ɓangaren da masaukinsa yake.

A da dogayen ƙwayayen lantarki ake sawa a cikin akwatin, masu cin wuta da saurin mutuwa. Fitilar LED ce ta sauƙaƙa lamarin. Shuɗiyarta, wadda da ita ake samun farin haske, an same ta ne a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Da ita allon ya sirance, cin wutarsa ya ragu har ƙaramin faifan sola da batir za su iya riƙe shi.

A ƙasar Hausa tarihin ya bi wata hanya dabam. Tsohon birni ba a kan titi aka gina shi ba, a kan ƙofa da unguwa aka gina shi. Mutumin Kano zai ce yana zaune a Yakasai ko Alfindiki ko Soron Ɗinki, ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Na'isa ake shiga. Basakkwace zai ambaci Ƙofar Rini ko Ƙofar Taramniya. Sunan unguwa kansa bayani ne, yana faɗin sana'ar mutanenta ko asalinsu ko sarautar da ke cikinta, kamar Tudun Nufawa da Dandalin Turawa. Daga unguwa sai a gangaro ga masallaci ko rijiya ko durumi, daga nan sai gidan wane. Baƙo ba ya neman gida da kansa. Yakan sauka wurin fatoma ko mai unguwa, a haɗa shi da yaro ya raka shi. Tsari ne cikakke, kuma yana da wani amfani da allo ba shi da shi: kafin baƙo ya isa inda za shi, unguwa ta san da zuwansa.

Titi mai suna a rubuce ya zo ne tare da Turawan mulkin mallaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1913 aka yanka Sabon Gari layi-layi domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Sunayen titunansa suna nuna waɗanda aka yi dominsu: Abeokuta Road, Warri Road, Aba Road, Gold Coast Road, France Road. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware irin waɗannan yankuna da unguwannin Turawa daga hannun hukumar gargajiya, kuma a can aka fara ganin allon titi da lambar gida, cikin Turanci. Cikin ganuwa ya ci gaba da kwatancensa. Gusau, wadda layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya raya a ƙarshen shekarun 1920, ita ma ta sami nata Sabon Gari da unguwar kantuna.

Bayan samun 'yanci sunan titi ya zama fagen siyasa. Kusan kowane babban gari a Arewa ya sami titin Ahmadu Bello, bayan 1976 kuma titin Murtala Muhammad. A Legas an mayar da Broad Street titin Yakubu Gowon, da gwamnatinsa ta faɗi aka mayar masa da tsohon sunansa. A Yamai, a watan Oktoban 2024, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Sai dai sauya allo ya fi sauya bakin mutane sauƙi, kuma direban a-daidaita-sahu da kwandasta su ne ke yanke hukuncin sunan da zai zauna. Abuja, wadda ta zama babban birni a ranar 12 ga Disamba 1991, ita ce garin da aka raɗa wa titunansa suna bisa tsari tun daga takarda: a Maitama akwai sunayen kogunan duniya irin su Nilu da Misisifi, a Asokoro shugabannin Afirka irin su Nkrumah da Nyerere. Duk da haka ko a can, mai kwatance ya fi ambaton banki ko gidan mai ko babban kanti.

A bisa doka, aikin na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata raɗa wa hanyoyi da tituna suna da sa wa gidaje lamba, tare da kula da fitilun kan titi. Ke nan mataki mafi ƙarancin kuɗi a cikin matakan gwamnati uku shi aka bar wa aikin. Ga kuma matsalar wuta. Legas ta fara ganin lantarki tun 1896, an kammala madatsar Kainji a 1968, an kafa NEPA a 1972, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, inda Zamfara da Sakkwato da Kebbi suka faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna, amma har yau ba a kai ga wutar da za a dogara da ita dare duka ba. Saboda haka allunan da suka fi haske da dare a biranen Arewa na masu janareto ne: bankuna, gidajen mai, otal-otal da manyan kantunan magani. Ba mamaki da kwatance ya koma kansu, tunda su ake gani.

A yammacin Zamfara, wato Anka da Bukkuyum da Gummi, ba a kai ga batun fitila ba, don sunan titin ma bai zama abin amfanin yau da kullum ba. A Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, da Gummi ta Sarkin Mafara, da shiyya ake kwatance, kuma sunayen mazaɓu sun gaji wannan: Galadima da Magaji a Anka, Shiyar Rafi da Ubandawaki a Gummi. A gari kamar Adabka ko Gwashi ko Nasarawar Burkullu, ɗan kabu-kabun da ke tasha ya san kowane gida da sunan mai shi. Kafa akwati mai fitila a lungun da kowa ya san kowa ɓarnar kuɗi ce.

Inda yankin yake da buƙata ta gaske shi ne mahaɗun manyan hanyoyi, domin can ne baƙo da gudu da duhu suke haɗuwa. Wanda ya taso daga Gusau zai bar hanyar Sakkwato a Mayanci ya nufi Anka, daga nan ya kai Ɗaki Takwas, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Gummi, ɗaya ta yi Zuru a jihar Kebbi. Muhimmancin allo a irin wannan wuri tsoho ne, har ma wasu mahaɗu a hanyar Gusau zuwa Sakkwato da shi ake kiransu, kamar Lambar Bakura da Lambar Tureta. A shekarun nan na rashin tsaro, kuskuren kwana da dare ya wuce ɓata lokaci, kuma tsayawa a yi tambaya ba kullum yake yiwuwa ba. Taswirar wayar salula ma ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni, kuma ko ba a rufe ba akwai dazuzzukan da sabis ba ya kaiwa.

A irin waɗannan mahaɗu babu hasken shaguna da zai yi gasa da allo, kuma direba yana iya kunna babbar fitila, don haka leda mai mayar da haske a kan allon da aka kafa a gefen hanya ta wadatar, matuƙar ana wanke mata ƙura ana kuma hana manna mata hotunan 'yan takara. Allo mai fitilar sola yana da wurinsa a shataletalen Gusau da manyan mahaɗun Kano da Kaduna, sai dai batirinsa yana mutuwa bayan 'yan shekaru, ƙurar hunturu tana rufe faifan, ɓarayi kuma suna sonsa, kamar yadda fitilun sola na ayyukan mazaɓu da ke tsaye a mace a garuruwa da dama suka nuna.

Maƙwabta sun gwada fara gyaran daga tushe. A farkon shekarun 2000 Yamai ta ba kowane titi lamba haɗe da haruffan unguwarsa, kamar YN na Yantala da PL na Filato, aka kafa faranti a bango ba tare da jiran a daidaita kan sunan wani gwarzo ba. Gana kuma a 2017 ta ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS, wanda ke ba kowane ɗan fili a ƙasar lambarsa ta wayar salula.