Limone, Ƙauyen da a Da Ba a Shigarsa Sai ta Ruwa

A arewacin Italiya, a gaɓar yamma ta Tafkin Garda, akwai wani ƙauye mai suna Limone, cikin lardin Brescia. Mutanensa dubu ɗaya ne da 'yan kai. Gabansa ruwa, bayansa kuwa dutse ne a tsaye kamar bango. Har zuwa shekara ta 1931 ba hanyar mota da ta kai can. Mai son shiga sai ya hau jirgin ruwa, ko ya bi turbar alfadarai ta kan duwatsu.

Da su da noman zaitun mutanen suka rayu tun da can. A ƙarni na 18 sai lemun tsami ya zama abin kuɗi, ko da yake lemu ba ya jure sanyi irin na wannan yanki. Dabarar da suka yi ita ce, suka sassare gefen dutse hawa-hawa, suka kakkafa dogayen ginshiƙai a tsakanin itatuwan. In watan Nuwamba ya kama, sai a rufe lambun duka da katako da gilashi, ba a buɗewa sai sanyi ya wuce. Daren da sanyi ya tsananta har wuta ake hurawa a ciki. A jirgin ruwa ake fitar da lemun, ya nufi Jamus da Rasha. Wahalar ta 'yan ƙodago ce, ribar kuwa ta masu lambu.

A gidan irin waɗannan 'yan ƙodago aka haifi Daniel Comboni ran 15 ga Maris, 1831. Cikin 'ya'ya takwas, shi kaɗai ya kai ga girma. Ya yi karatu a Verona, aka naɗa shi fada a 1854, ya tashi zuwa Sudan aikin bishara a 1857, ya bar iyayensa ba mai dubansu. A 1864 ya rubuta shirinsa cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara ga 'yan'uwansu, magana da a zamanin ba kowane ɗan mishan yake yarda da ita ba. Ya zama bishop a 1877, ya rasu a Hartum ran 10 ga Oktoba, 1881.

Tun yana raye cinikin lemu ya soma mutuwa. Cuta ta kama itatuwan a 1855. Da aka haɗe Italiya ƙasa ɗaya a 1861, lemun Sisili, wanda ba ya bukatar rufi, ya karya kasuwar. Talauci ya kori samari da yawa.

Hanyar mota ce ta ceci ƙauyen. An fasa duwatsu aka ratsa da ita daga Gargnano zuwa Riva, ta bi ta Limone. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi masu yawon buɗe ido, yawancinsu Jamusawa, suka fara kwararowa. 'Ya'yan masunta suka koma masu otal. Jirgin ƙasa dai bai taɓa zuwa ba. Bas da jiragen ruwa ne ke jigila. Lemu ya zama abin kallo da na tsaraba.

A 2003 Paparoma John Paul na Biyu ya sa Comboni cikin tsarkaka. Gidan da aka haife shi yana nan a unguwar Tesöl, sama da ƙauyen, a hannun 'yan mishan masu ɗauke da sunansa, kuma masu ziyara na zuwa addu'a har daga Sudan da Uganda.