Hanya, Madatsar Ruwa da Waya: Tarihin Shigowar Fasahar Zamani a Ƙasashen Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda na'urori da dabarun zamani suka shigo ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, watau gabashin Jihar Sakkwato, tun daga zuwan Turawa har zuwa 'yan shekarun nan. Abubuwa uku za a duba, su ne hanyar mota, da madatsar ruwa, da wayar hannu. Dalilin haɗa su wuri ɗaya kuwa shi ne, ko da yake kowannensu ya kawo sauƙin da ba mai iya musunsa, kowannensu kuma ya ɗauke mabuɗin wani sashe na rayuwar talaka daga hannunsa, ya kai shi wani ofis mai nisa. Saboda haka tambayar da tarihin yake ta maimaitawa ita ce: idan aka tashi buɗewa ko rufewa, wa ake shawarta, kuma wa ake yi wa gargaɗi?

Ƙasar Kafin Zuwan Turawa

Gulbin Rima shi ne ƙashin bayan wannan yanki. Yana tattara ruwan Gulbin Maraɗi da na Bunsuru da na Gagare, ya gangaro ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato a kusa da birni. Da damina yakan cika ya malala cikin fadama, idan ya janye sai a bi danshinsa da shuka, da rani kuma a ɗebi ruwa da jigo a shayar da albasa da alkama. Albarkar wannan fadama da kuma bukatar tsaron iyaka suna cikin abin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zauna can, har ya rasu a 1837 aka rufe shi a garin.

A wancan zamani kaya kan tafi bisa jaki da raƙumi da takarkari, labari kuma ba ya wuce saurin dokin manzo. Sirrin mutum yana da ganuwa biyu. Ta farko ita ce ginin gida kansa, domin baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama da izini. Ta biyu ita ce shari'a, wadda ta hana leƙen asirin mutane da bin diddigin aibinsu. Wanda bai iya rubutu ba yakan kai wa malami ya rubuta masa wasiƙa, watau dai sirrinsa yana hannun wani, amma wanin nan sananne ne, ana salla da shi sahu ɗaya, in ya ci amana kowa zai sani. A riƙe wannan batu, domin za a komo gare shi.

Hanyar Mota da Masu Gina Ta

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Ba su daɗe ba suka ga mulki ba ya tafiya sai da hanyoyi, kuɗin biyan ma'aikata kuwa ba su da niyyar kashewa. Sai nauyin ya faɗa kan En'e: Razdan ya ba da umarni, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya fitar da majiya ƙarfi daga kowace unguwa. Da diga da shebur da kwanon sarki aka sare daji, aka ɗauko marmara a ka, aka daɓe. Bayan kowace damina sai an sake fita gyara, sau da yawa a daidai lokacin da manomi ke bukatar hannunsa wajen girbi. A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da yarjejeniyar hana aikin tilas, a 1933 kuma aka yi doka a Nijeriya da ta taƙaita shi, amma ta bar ƙofar ayyukan gayya na gari, ta nan kuwa gyaran hanya ya ci gaba da bi.

Ba a taɓa kawo dogo Sakkwato ba; a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929. Wannan ya ƙara wa hanyar mota muhimmanci, domin ta kanta gyaɗa da auduga da fatu ke isa tasha. Lokacin da aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah, garin haihuwarsa, a 1934, kula da hanyoyin gunduma yana cikin ayyukan kowane hakimi, tare da ƙidayar haraji da jangali.

Haɗarin aikin hanya a wancan lokaci shi ne zafin rana, da yunwa, da bulalar mai tsaron aiki, da asarar kwanakin gona. Bayan samun mulkin kai, musamman da kuɗin man fetur suka shigo cikin shekarun 1970, sai katafila da gireda da tifa da tankar kwalta suka karɓi aikin kwanon sarki. Wahala ta ragu, haɗari kuwa ya sake kama. Lebura yanzu yana tsaye ne a gaban motar da ke gudu. Yaran ƙauye suna wasa a bayan injin da direbansa ba ya ganinsu. Matafiyin dare kuma yana iya tarar da tulin tsakuwa ko ramin kwalbati a tsakiyar hanya ba fitila ba alama. A hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Achida da Marnona zuwa Goronyo, babbar mota mai lodin albasa da ɗan kabu-kabu da amalanke da garken shanu duk kwalta ɗaya suke bi, ga shi kowannensu da irin saurinsa.

Akwai misali guda na yadda gargaɗi ke rage ɓarna. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, kamar yadda maƙwabtanta irin su Nijar suke yi. An yi watanni ana shela ta rediyo da bakin mawaƙa da na sarakuna, har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya san ranar. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, a 2010 kuma aka yi sabuwar dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Sai dai doka ba ta iya kare wanda sunansa ba ya cikin littafi, leburan da ake ɗauka da safe a sallame shi da yamma kuwa galibi ba a rubuta shi. Ta wannan fuska jikan mai kwanon sarki bai yi wa kakansa nisa sosai ba.

Madatsar Goronyo da Ambaliyar Kagara

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza hukumomi, aka ƙudura cewa maganin yunwa shi ne a tare ruwan damina a yi noman rani da shi. A 1973 aka kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima. Aikinta babba na farko shi ne madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. A can ne rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu, 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa. Madatsar Goronyo ta biyo baya: an gama ginin ta a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 12, tana kuma iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900.

Amfaninta a fili yake. Da ita, da kuma ƙananan injunan ban ruwa da suka maye gurbin jigo tun cikin shekarun 1980, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka bunƙasa, masunta suka sami tafki, birnin Sakkwato ya sami ruwan famfo da rani. Amma a da manomin fadama yakan dubi hadari da launin gulbi ya san ruwa na tafe, domin ilmi ne da ya gada. Da aka datse gulbi sai ilmin nan ya rage amfani, tun da zuwan ruwa ya koma ga ranar da injiniya ya ɗaga ƙyaure.

An ga ƙarshen haka a 2010. Ruwan sama mai yawa ya sauka a ƙarshen watan Agusta, tafki ya cika har ana tsoron bango zai karye. Ran 1 ga Satumba aka buɗe ƙofofi domin a ceci madatsar, sai ruwa ya afka wa ƙauyen Kagara da ke ƙasa da ita, ya ci gidaje da rumbuna da gonaki. Bayan kamar mako guda wani sashe na mafitar ruwan ya ɓalle, ambaliya ta bi kwarin Rima ta Goronyo da Wurno da Kware har cikin Jihar Kebbi, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba za a ce injiniyoyin sun yi kuskure da suka buɗe ba, gama da bangon ya karye da ɓarnar ta fi haka. Abin lura shi ne mutanen Kagara ba su da hannu a wannan hukunci, alhali kuwa su ne farkon waɗanda suka biya kuɗinsa. A farkon 2018 kuma sai aka ga kishiyar wannan, ruwan tafkin ya ja baya ƙwarai, hankalin manoma da na masu shan famfo a birni ya tashi tare.

Wayar Hannu da Sirrin Jama'a

Kafin 2001 tarho abu ne na ofisoshi da gidajen manya a birni. A wannan shekara aka ba kamfanoni lasisin wayar hannu, cikin 'yan shekaru kuma turakun sadarwa suka tsaya a manyan garuruwan gabas. Manomin albasa ya sami damar jin farashin Legas kafin ya sallama wa dillali, ɗan cirani ya daina jiran mai zuwa gida kafin ya aika da kuɗin cefane, mai naƙuda ta sami mota da tsakar dare.

Amma waya ba ta tsayawa a zaure ta yi sallama. Murya da hoto suna shiga har ƙuryar ɗaki, suna kuma fita, abin da aka ɗauka cikin gida da safe kan iya zagaya gari kafin azahar. Daga ɓangaren hukuma kuma, a 2011 aka fara rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsa, a 2014 aka shigo da lambar tantance masu ajiya a banki, a watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa. Yawancin mutanen karkara a rumfar kasuwa aka yi musu wannan rajista, wanda bai iya karatu ba kuma yakan faɗa wa mai na'urar cirar kuɗi lambarsa ta sirri da baki. Ga malamin wasiƙa ya dawo ke nan, sai dai wannan karon bayanan sukan wuce shi su tafi wata ma'ajiya da mai su bai san inda take ba, bai kuma san wanda zai tuhuma ba in an ci amanarsa.

Da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, wayar nan ce masu kai musu rahoto ke amfani da ita, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. Saboda haka a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Goronyo da Rabah. Ran 17 ga Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu, a lokacin da jama'a ba su da layin neman agaji ko na sanar da dangi. Daga baya aka maido da sadarwar. Kamar ƙyauren madatsa, matakin yana da hujjarsa, amma ya nuna cewa abin da talaka ya saya da kuɗinsa yake ɗauka nasa ne, makunninsa yana hannun wani.

Kammalawa

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, tare da hukumar da za ta zartar da ita. Abin da tarihin kwarin Rima ya nuna shi ne, ɓarna ta fi yawa a duk inda mai riƙe da mabuɗi ya yi nisa da wanda abin zai shafa, ta kuma yi sauƙi a inda gargaɗi ya riga aiki isa, cikin harshen da mutane ke ji.

Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan ma'aikatan gwamnati na yau da ɗaliban da za su gaje su. Injiniyan hanya ne zai ƙi sa hannu a takardar ɗan kwangila har sai ya ga alamu da fitilu da mai riƙe jar tuta da littafin sunayen leburori. Jami'in madatsa ne zai tabbata saƙo ya isa ga dagaci da limami da gidan rediyo kafin a taɓa ƙyaure. Akawun rajista ne zai ɗauki zanen yatsan manomi a matsayin amana, kamar kuɗin baitulmali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar na'ura. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, mutanen Kagara kuwa sun san gaskiyar wannan magana tun damina ta 2010.