Awon Hanyoyi da Taswirar Ƙarƙashin Ƙasa: Tarihin Yadda Manyan Birane Suka San Abin da Suka Binne

Gabatarwa

Kowane babban birni na zamani hawa biyu gare shi. Akwai na sama, wanda ido yake gani, watau gidaje da tituna da kasuwanni. Akwai kuma na ƙarƙashi, inda aka binne bututun ruwan sha, da magudanan ƙazanta, da bututun iskar gas, da wayoyin lantarki da na sadarwa. Rayuwar hawan sama ta dogara ne kacokan a kan na ƙarƙashi, amma da zarar an mayar da ƙasa an shafe da kwalta, sai wanda ya haƙa ya mutu, takardunsa su ɓace, birni ya manta da abin da yake kwance a cikinsa. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda aikin safiyo, watau ilmin awon ƙasa, ya yi ta fama da wannan mantuwa, tun daga zamanin Rumawa har zuwa yau, tare da mai da hankali a kan biranen Faris da Landan, inda aka fi shan wuya, aka kuma fi samun darasi.

Awon Hanya Tun Daga Rumawa

Rumawa su ne suka fara shahara wajen shimfiɗa hanyoyi miƙaƙƙu masu dogon zango. A shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa suka fara gina hanyar Appiya daga birnin Rum zuwa kudancin Italiya. Ma'aunansu suna amfani da wani abu da ake kira groma, watau sanda mai gicciye a kai, da igiyoyi huɗu masu nauyi suna reto, wanda da shi suke fitar da miƙaƙƙen layi da kusurwa daidaitacciya. Don gane tudu da gangare kuwa, suna da wani dogon benci mai kwarmin ruwa a bayansa. Taku dubu shi ne ma'aunin zangonsu, suna kiransa mille, kuma a ƙarshen kowane ɗaya sukan kafa dutse mai rubutu. Daga wannan kalma ce Turancin Ingilishi ya samo sunan ma'auninsa, Hausa kuma ta aro ta ta ce mil.

Rumawa ba su tsaya a kan hanya kaɗai ba. A shekara ta 97 bayan haihuwar Annabi Isa aka naɗa Frontinus shugaban ruwan birnin Rum. Ya tarar da manyan hanyoyin ruwa guda 9, mafi yawan tsawonsu a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma tarar mutane suna huda su a ɓoye suna jan ruwa zuwa gonaki da gidaje. Sai ya sa aka zana masa taswirarsu, domin ya san inda kowace ta bi ba tare da ya taka ƙafa zuwa wurin ba.

A Ingila, dokar shekara ta 1593 ta tsayar da tsawon mil a kan yadi 1,760. A 1620 wani malamin lissafi, Edmund Gunter, ya fito da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66 da gaɓoɓi 100. Hikimar sarƙar ita ce, idan aka shimfiɗa ta sau 80 an sami mil guda, fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa ɗaya kuma shi ne eka guda. A 1675 John Ogilby ya buga littafin taswirar hanyoyin Ingila da Wales, bayan da ma'aikatansa suka bi su da wata ƙafar keke mai ƙidaya juyinta. Nan ne aka gane cewa mil ɗin da matafiya suke ƙiyastawa da baki ya ɗara na doka tsawo ƙwarai, kuma ya bambanta daga wannan yanki zuwa wancan.

Faris: Ranar da Titi Ya Rufta

Duwatsun da aka gina birnin Faris da su, daga ƙarƙashinsa aka haƙo su. Shekaru ɗaruruwa masu fasa dutse suna ta ɓurma ramuka a bayan gari, daga baya birni ya faɗaɗa ya hau kan ramukan, ba wanda ya san iyakarsu. A watan Disamba na 1774 wani yanki na titin d'Enfer ya rufta, ƙasa ta haɗiye gidaje. Wannan ya sa Sarki Louis na 16 ya kafa hukumar duba ramukan dutse a watan Afrilu na 1777, aka ba Charles-Axel Guillaumot shugabancinta. Aikinsu shi ne su shiga kowane rami, su auna shi, su zana shi, su tokare rufinsa da ginshiƙai. Suka riƙa sassaƙa sunan titin da yake sama a jikin bangon da yake ƙarƙashinsa, har ya zama birnin ƙasa ya dace da na sama layi bisa layi. Wannan hukuma tana nan tana aiki har yanzu.

Magudanan ƙazantar birnin ma haka suke, ba taswira. Daga 1805 zuwa 1812 Pierre-Emmanuel Bruneseau da mutanensa suka bi su da fitila da ma'auni, cikin wari da haɗarin iska mai guba, suka rubuta inda kowace ta nufa. Daga baya, a tsakiyar ƙarnin, injiniya Eugène Belgrand ya gina sababbin magudanai masu faɗin da mutum zai yi tafiya a tsaye a ciki, aka rataya bututun ruwa a jikinsu, aka ƙara da wayoyin tangaraho. Amfanin wannan tsari a fili yake: abin da ma'aikaci zai iya zuwa ya gani da idonsa, da wuya a manta da shi.

Landan: Awo Kafin Haƙa

A 1801 mutanen Landan kimanin miliyan ɗaya ne, amma kafin 1851 sun haura miliyan biyu. Bayan gidan jama'a yana taruwa ne a ramukan masai kimanin 200,000, da yawansu a ƙarƙashin ɗakunan kwana. Magudanan da ake da su an yi su ne don ruwan sama, kuma suna hannun hukumomi daban-daban, kowace da girman bututunta da ma'aunin tudunta. Saboda haka sau da yawa babbar magudana takan zuba a cikin ƙarama, ko kuwa ta wannan unguwa ta iso iyaka ta tarar ta maƙwabta ta fi ta tudu, ƙazanta ta tsaya cik ta ruɓe.

Edwin Chadwick, wanda ya wallafa rahoto a kan tsabtar mazaunin ma'aikata a 1842, ya dage cewa ruwa ba ya hawa tudu, don haka ɓarnar kuɗi ce a sa bulo ko guda kafin a san tudu da kwarin kowane titi. A 1848 aka haɗe hukumomin magudanai na kewayen birnin suka zama ɗaya, aka kuma ɗora wa hukumar safiyon ƙasar, Ordnance Survey, wadda aka kafa tun 1791, aikin auna Landan baki ɗaya. Sojoji ma'auna suka kafa dakalin katako a can ƙololuwar majami'ar St Paul, suka ɗora na'urar auna kusurwa, suka riƙa hango hasumiyoyi da tuddai. Dabarar ita ce a raba gari zuwa siffofi masu kusurwa uku, domin wanda ya san tsawon gefe ɗaya da kusurwoyi biyu, lissafi zai ba shi sauran ba tare da ya ja sarƙa ba. Wasu kuma suna bin tituna da na'urar daidaito da sanda mai lamba, suna sassaƙa alamar tsayi a jikin bangaye, duk bisa ma'auni ɗaya, watau matsakaicin tsayin ruwan teku. Aka zana taswirar a kan ƙafa 5 ga kowane mil, aka gama a 1850. A lokaci guda kuma wata ƙungiya tana rarrafe cikin tsofaffin magudanai tana rubuta zurfinsu da halin da suke ciki.

Jama'a da jaridu sun yi ta ƙorafi cewa ana ɓata lokaci wajen zane alhali mutane suna mutuwa. Ƙorafin yana da tushe, domin annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta kashe sama da mutum 14,000 a Landan, ta 1853 zuwa 1854 kuma ta kashe sama da 10,000. A 1854 ne likita John Snow ya ɗauki taswirar unguwar Soho, ya sa alama a kan kowane gidan da aka yi rashi, sai ga alamun sun taru a kewayen famfon titin Broad. Da aka tona wurin, sai aka tarar wani ramin masai yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar famfon bai kai yadi guda ba. Fiye da mutum 600 suka hallaka saboda abubuwa biyu da aka binne gab da juna ba tare da an rubuta ba.

A bazarar 1858 Kogin Temis ya yi warin da ya hana Majalisar Dokoki sakat, aka zartar da dokar ba da kuɗi cikin kwana 18. Babban injiniyan hukumar ayyukan birnin, Joseph Bazalgette, ya fara aiki a 1859. Shirinsa shi ne a gina manyan magudanai masu bin gefen kogin daga yamma zuwa gabas, su tare ƙazanta kafin ta faɗa ruwa, su kai ta can Beckton da Crossness. Aka gina kimanin mil 82 na irin waɗannan, da kimanin mil 1,100 na ƙananan magudanan tituna, aka ci bulo miliyan 318.

A nan ne amfanin awon 1848 ya bayyana. Bazalgette ya ƙayyade cewa gangaren babbar magudana kada ya gaza ƙafa 2 a kowane mil, watau inci ɗaya a cikin kimanin yadi 73. Gangare ne da ido ba ya iya ganinsa. Idan ya gaza haka, ƙazanta za ta kwanta ta toshe hanya. Idan kuma aka zarce, magudana za ta nutse ƙasa da kogi tun ba a je ko'ina ba. Inda ƙasa ta yi kwari sosai, sai aka gina gidajen injin tururi, kamar na Crossness a 1865 da na Abbey Mills a 1868, don su ɗaga ruwan sama ya ci gaba da gangara. Duk wannan lissafi a kan alamun tsayin nan na jikin bangaye ya dogara. Da kwalara ta dawo a 1866, a gabashin birnin ta yi ɓarna, inda aikin bai kammala ba, ruwan sha kuma ya gurɓace. Daga ita Landan ba ta sake ganin irinta ba. Ganuwar bakin kogi ta Victoria da aka buɗe a 1870 ta nuna an ɗauki darasi: titi a sama, a ƙarƙashinsa kuma magudana, da layin dogo, da wani rami na musamman don bututun ruwa da gas, kowane a gurbin da aka auna masa.

Gani Ba Tare da Tono Ba

Ƙarni na 20 ya zo da cunkoso. Kamfanin lantarki, da na tarho, da na gas, da na ruwa, kowa ya binne nasa, ya kulle taswirarsa a ofis. Galibi kuma ana auna wurin bututu ne daga bakin titi ko kusurwar gida, idan aka faɗaɗa titin ko aka rushe gidan, awon ya tashi a banza. Sakamakon haka ba ƙarami ba ne. A ranar 22 ga Afrilu, 1992, a birnin Guadalajara na ƙasar Meziko, bututun ruwa da aka shimfiɗa dab da na man fetur ya jawo tsatsa ta huda na fetur, mai ya malala cikin magudanai, ya yi bindiga, ya tsage tituna na tsawon kilomita 8, ya kashe fiye da mutum 200. A watan Yuli na 2004, a Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, bututun gas da injin gini ya yi wa lahani ya fashe, mutum 24 suka rasu.

Kayan aikin safiyo na yau iri uku ne a wannan fage. Na farko na'ura ce mai jin maganaɗisun da yake kewaye waya ko bututun ƙarfe, amma ba ta jin na roba. Na biyu ita ce rada mai ratsa ƙasa, wadda ta fara shiga kasuwa a shekarun 1970: tana tura igiyar rediyo cikin ƙasa, ta ƙidaya lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo, daga nan a san zurfi. Tana aiki sosai a cikin rairayi, amma jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye ƙarfinta. Na uku shi ne tsarin taurarin ɗan'adam na GPS, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995. Idan aka haɗa shi da tashar gyara a ƙasa, yakan nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan santimita ba, kuma wannan awo ba ya gushewa don an rushe gida.

Duk da haka na'ura ba ta wadatar ba. A 2002 injiniyoyin Amurka, a 2014 kuma Birtaniya, suka fito da ƙa'idoji masu raba bayani hawa huɗu, daga wanda aka kwafo a tsohuwar takarda har zuwa wanda aka tona aka gani da ido. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa akwai kimanin kilomita miliyan 4 na bututu da wayoyi a binne a ƙasar, ana kuma sarar su bisa kuskure kimanin sau 60,000 a shekara. Shi ya sa tun 2019 ta fara tattara bayanan kamfanoni cikin rajista ɗaya ta kwamfuta.

Kammalawa

Abubuwa uku suka fito daga wannan tarihi. Na ɗaya, dole ma'auni ya zama ɗaya ga kowa, kamar yadda mil na doka da tsayin ruwan teku suka kawar da ruɗani a Ingila. Na biyu, awo yana gaba da haƙa, ko da jama'a sun ƙosa, domin shekara biyun da aka yi ana auna Landan su ne suka ba magudanan Bazalgette damar yin aiki sama da shekara 150. Na uku, lokacin da ya fi sauƙi da arha a rubuta wurin bututu shi ne sa'ad da ramin yake buɗe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Birnin da yake bunƙasa a yau, yana shimfiɗa ruwa da lantarki da wayoyin intanet, yana da damar da Faris da Landan ba su samu ba, watau ya rubuta abin da ya binne tun kafin a mayar da ƙasa.