Yadda ake raba rigar fata da warin girki ba tare da an lalata ta ba

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, rigunan fata na fitowa daga akwati. Masu kabu-kabu, masu gadi, direbobin dare da 'yan kasuwar da ke sammako duk suna dogara da su, domin fata tana tare iska fiye da yadi. Da yawa daga cikin rigunan nan daga gwanjo ake sayo su, a kasuwanni irin su Mokolo a Yawunde, Missebo a Kwatano ko Kantamanto a Akara. Sai dai rigar da ta yi zaman dare ɗaya a gefen tukubar tsire a unguwar Briqueterie, ko aka rataye ta kusa da madafi, takan ɗauki ƙaurin hayaƙi da ƙarnin kifi ta riƙe har makonni. A nan ne mutane ke yin asara: wajen neman korar warin sai a jiƙa rigar a ruwan omo, ko a shanya ta a rana, ta bushe ta ƙandare ta tsage.

Dalilin da ya sa fata ke riƙe wari

Ko bayan jima, fata tana nan da ƙananan ƙofofi da zaruruwa irin na jikin dabbar da aka feɗe. Hayaƙin girki kuwa yana tafe da ɗigon mai ƙanana da ido ba ya gani, ko na manja ne, ko na man gyaɗa, ko kitsen nama. Su ne ke sauka a kan riga ɗauke da warin albasa, tafarnuwa, daddawa da bandar kifi. Da yake fata da mai abokan juna ne, tun da mai ake tausasa ta a majema, sai ta shanye shi. Idan man ya daɗe yana shan iska da zafi yakan lalace, warin ya ƙaru maimakon ya ragu.

Abu na biyu shi ne shafin rigar, wato yadin da aka ɗinka daga ciki. Sau da yawa shi ne ya fi riƙe wari, musamman a wuya, hammata da bakin hannu, inda gumi ke haɗuwa da hayaƙi. Saboda haka kafin a taɓa fatar, a juya rigar a sansana shafin. Idan daga nan warin yake, aikin ya zo da sauƙi.

A fara sanin irin fatar

Magani ɗaya ba ya yi wa kowace fata. Yawancin rigunan da ake shigowa da su an jeme su ne da sinadarin kurom a masana'anta, sannan aka rufe fuskarsu da fenti mai sheƙi. Irin wannan tana jure tsumma mai ɗan laima. Fatar da majemanmu ke jemewa da bagaruwa, kamar ta Kano, Sakkwato, Damagaram ko Marwa, ta fi saurin shan ruwa da mai, kuma tabo yana saurin zama a jikinta. Akwai kuma fata mai laushi mai gashi-gashi, wadda ake rubuta wa daim ko nubuck a takardar wuyan riga. Ita ba ta son ruwa ko kaɗan. Ta huɗu ita ce fatar roba, wadda warinta ke tsayawa a sama da kuma cikin shafi.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin wuyan riga. Idan ya tsaya a dunƙule, fatar a rufe take. Idan ya nutse wurin ya yi duhu, to a bi ta da hanyoyin da ba su buƙatar ruwa. Duk abin da za a shafa wa riga, a fara gwada shi a wannan wuri, a jira ya bushe.

Matakan da ake bi

Na farko, shan iska. A zazzage aljihuna, a buɗe zif, a rataye rigar a hanga mai faɗin kafaɗa a inuwa, inda iska ke kaɗawa. A yi mata kwana ɗaya a juye, kwana ɗaya a daidai. Fanka tana taimakawa idan a ɗaki ne. Warin da bai daɗe ba yakan tafi cikin kwana biyu zuwa uku ta wannan hanya kaɗai. A lokacin hunturu a lulluɓe ta da tsohon zane marar kauri saboda ƙura. A garuruwan bakin teku kamar Duwala, Lome da Abijan kuwa, laima ce abin tsoro, domin rigar da aka bari a wuri mai danshi takan yi funfuna, warin da ya fi na girki wuyar fita.

Na biyu, gogewa. Wannan na fata mai rufaffiyar fuska ne. A narka sabulu marar ƙarfi, irin na jarirai, ɗan kaɗan a ruwa mai ɗumi-ɗumi. A tsoma tsumma mai laushi, a matse shi har ya daina ɗiga, a goge rigar sashe-sashe ba tare da dirzawa ba. A bi da wani tsumman na ruwa zalla, sannan busasshe. Abin da ake cirewa a nan shi ne maiƙon da ya kwanta a sama, wanda shi ke ɗauke da warin.

Na uku, shafi. A haɗa farin ruwan khal, wanda ake sayarwa da sunan vinaigre blanc, da ruwa daidai wa daida. A juya rigar, a ɗaga shafin daga jikin fatar, a dangwala haɗin da tsumma a wuya, hammata da hannu. Tsamin khal yana karya ƙarnin kifi, kuma warinsa na kansa yana bin iska cikin 'yan sa'o'i. Kada a bari ya ratsa har ya jiƙa fatar.

Na huɗu, abubuwan da ke tsotse wari. A zuba bikarbonat cikin tsohuwar safa, kamar cokali huɗu ko biyar, a ɗaure bakinta. A sa ɗaya a kowane hannu, ɗaya a ƙirji, sannan a ajiye rigar cikin kwali a rufe na kwana biyu zuwa uku. Gawayi busasshe da aka ƙulle a tsumma yana yin irin wannan aiki, haka ma tsofaffin jaridu da aka cukurkuɗa aka cusa a ciki, in dai shafin ba fari ba ne. Idan warin ya ragu amma bai tafi ba, a canja garin a maimaita.

Inda mai ya ɗiga ya bar tabo, a barbaɗa garin sitaci ko farar hoda a wurin, a bar shi ya kwana, da safe a kakkaɓe da buroshi mai laushi. Ga fata mai gashi-gashi, wannan da shan iska da kwali su ne iyakar abin da ya kamata a yi a gida.

Na ƙarshe, mayar mata da laushi. Bayan gogewa fata takan ɗan bushe. A shafa man gyaran fata marar launi kaɗan, a bar shi ya shiga, a goge. Wasu dukawa na amfani da man kaɗe, amma yana ƙara wa fata duhu, don haka sai an gwada. Man girki ko wane iri ne ba ya shiga wannan aiki, domin shi ne tushen matsalar.

Abubuwan da ke kashe riga

Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami a jikinta. A ma'aunin pH tana wajen 4 zuwa 5. Kanwa, toka, omo da ruwan Javel duk kishiyoyin wannan tsami ne. Majema da kansu da toka ko farar ƙasa suke tuge gashin fata, wanda ke nuna ƙarfin da irin waɗannan abubuwa ke da shi a kanta. Ko bikarbonat, da yake mai sauƙi ne, shi ya sa ake ƙulle shi a safa maimakon a kwaɓa shi da ruwa a shafa.

Zafi ma maƙiyi ne. Rana tsaka, dutsen guga, na'urar busar da gashi ko gefen murhu suna ƙone man da ke cikin fatar, ta motse ta fara tsagewa, kuma fatar da ta tsage ba ta komawa. Injin wanki da jiƙawa a bokiti suna ɓata siffar riga. Fetur da kananzir suna cire fenti, ga haɗarin gobara.

Turare kuwa rufe wari yake yi na ɗan lokaci. Na fesawa yana ɗauke da sinadarin alkol da ke iya dusashe launi, turaren wuta kuma wani hayaƙin ne ake ƙarawa kan na farko.

Lokacin neman gwani

Idan an yi zagaye biyu ko uku warin na nan, ko miya ta zube ta ratsa rigar, a kai ta gidan wankin da ya san aikin fata, a kuma tambaya tun kafin a miƙa, domin ba kowane mai wanki da guga ne ya iya ba. Idan shafin ne ya ƙi saki, tela na iya farke shi ya sa sabo, kuma kuɗin bai kai na sayen wata rigar ba.

Rigakafin dai shi ne a tuɓe rigar kafin a shiga madafi ko a zauna gaban tukuba, a bar ta ta sha iska kafin a mayar da ita ma'aji. Idan sanyi ya wuce, a ajiye ta cikin rigar matashi ko zanen auduga. Leda tana kulle laima da wari tare, ta yadda abin da aka ajiye a watan Maris shi za a tarar a Nuwamba, har da ƙari.