Masu Gadin Sama na Makurdi: Daga MiG-21 Zuwa JF-17

Garuruwan Obi da Keana da Doma ba su da nisa da Makurdi, kuma a Makurdin ne Rundunar Sojojin Saman Najeriya ta girke rukuninta mai gadin sararin samaniya, wanda aka daɗe ana kira Rukuni na 64 kafin ya koma na 101. Aikinsa na asali shi ne tare jirgin abokan gaba tun yana sama, kafin ya yi ɓarna. Duk wanda ya bi tarihinsa zai tarar da ciwo guda yana dawowa: Najeriya ta iya sayen jirgin yaƙi, riƙe shi ne ke gagarar ta.

Wuya ce ta haifar da wannan aiki. An kafa rundunar da doka a Afrilun 1964, Jamusawa suka horar da ita a Kaduna ƙarƙashin Kanar Gerhard Kahtz, akasarin jiragenta kuwa na koyo ne da na ɗaukar kaya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, Biyafara ta yi amfani da tsohon jirgi ƙirar B-26 ta jefa bama-bamai a Makurdi da Kano, babu jirgin da zai tashi ya tare shi. Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, sai shugaban ƙasa Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyet, aka sauke MiG-17 a Kano a watan Agusta, matuƙa daga Masar suka tuƙa su. Duk da haka, a Mayun 1969 wani ɗan Suwidin mai taimaka wa Biyafara, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jirage biyar ya kai hari filayen jiragen Fatakwal da Benin da Enugu. Sojojin da suka ga wannan ba su manta ba.

Da kuɗin mai suka shigo, aka sayo MiG-21 a 1975, sannan Jaguar 18 daga Ingila a 1984, Makurdi ta zama gidansu. Jaguar ba su cika shekara goma suna tashi ba aka jingine su. Su ma MiG ɗin daga baya suka bi sahu. Naira ta faɗi bayan 1986, takunkumin zamanin Abacha ya ƙara toshe hanyar kayan gyara, amma tushen matsalar ya girmi waɗannan duka: an saya ba a yi tanadin bita da kayan gyara na shekaru masu zuwa ba. Sai a 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi odar F-7 guda 15 daga Sin, suka iso a 2010. An yi asarar wasunsu a haɗurra, har da biyun da suka yi karo a Abuja a Satumbar 2018. A Mayun 2021 aka ƙaddamar da JF-17 guda uku na Pakistan, a Makurdin dai.

Manomin doya a Obi yana da hujja idan ya ce wannan bai dame shi ba. Abin da ke hana shi barci ɗan bindiga ne a kan babur, kuma tun bayan 1970 babu ƙasar da ta kawo wa Najeriya yaƙi ta sama. Hujjarsa ta ƙara nauyi bayan harin sama na Rukubi a ƙaramar hukumar Doma a Janairun 2023, inda makiyaya da dama suka mutu. Wannan jini yana buƙatar bayani da diyya. Amma rusa gadin sama ba zai kawo masa ɗan sanda ko ɗaya ba. Ba a gina rijiya ranar da gobara ta tashi: matuƙin jirgin yaƙi da makanikinsa shekaru ake yi ana rainonsu, kuma ƙungiyoyin 'yan bindiga a Sahel da Tafkin Chadi sun fara amfani da jirage marasa matuƙi, barazanar da ta fi kama da ƙananan jiragen von Rosen fiye da yaƙin ƙasa da ƙasa. Tare irin waɗannan yana buƙatar na'urar hango jirage mai aiki dare da rana, da makanikan da ba sai an jira ƙwararre daga Sin ko Pakistan ba. A nan ya kamata kuɗin Makurdi su fara zuwa, kafin a sake maganar sabon jirgi.