Bin sawun murar aladu, daga 1918 zuwa kiran sunan ƴan aji

A watan Afrilu na 2009, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Maraɗi, muka ji a rediyo cewa wata cuta da ake kira murar aladu ta ɓulla a Meziko. Wani abokin aikina ya ce: "Mu da ba mu kiwon alade, ba mu cin namansa, ina ruwanmu?" Duka muka yi dariya, har da ni. Sai da na bi tarihin cutar na gane cewa sunan ne ya ruɗe mu. Na kuma gane cewa kowane lokaci da aka kama ta da wuri, wani ne ya lura da ƙaramin abu ya kai rahoto.

Labarin ya faro a 1918, shekarar babbar murar da aka ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya. A jihar Ayowa ta Amurka, wani likitan dabbobi mai suna J. S. Koen ya lura cewa aladu na tari da zazzaɓi a daidai lokacin da masu kiwonsu ke kwance da irin wannan ciwo. Ya ce cuta ɗaya ce, masu kiwo kuwa ba su so jin haka ba. A farkon shekarun 1930 Richard Shope ya ware ƙwayar cutar daga jikin alade, sannan a 1933 masana a Landan suka ware ta ɗan Adam. Daga baya aka gano dalilin da ya sa ake tsoron alade: hanyar numfashinsa na karɓar ƙwayar murar tsuntsaye da ta mutane, su gauraya a ciki, wata sabuwa ta fito wadda jikinmu bai san ta ba. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta kafa tsarin da ɗakunan gwaji na ƙasashe ke musayar samfurin ƙwayoyin mura. Shi ake amfani da shi har yau.

Gwaji na farko mai zafi ya zo a Fabrairun 1976, a barikin soja na Fort Dix da ke jihar Niyu Jasi. Wani matashin soja ya rasu, aka aika samfurin maƙogwaronsa zuwa cibiyar CDC da ke Atlanta, aka ga murar aladu ce. Awon jini ya nuna sojoji fiye da 200 sun kamu. Tsoron maimaituwar 1918 ya sa shugaba Gerald Ford ya ba da umarnin yi wa ƙasa duka allurar rigakafi, aka yi wa mutum fiye da miliyan 40. Annobar ba ta zo ba, cutar ba ta fita daga barikin ba. Masu sa ido kuma suka lura da ƙaruwar wani ciwon shanyewar jiki mai suna Guillain-Barré, kusan ƙarin mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa allura. A Disamba aka dakatar da aikin. Ƙidayar da ta tayar da hankali ita ce kuma ta gano illar maganin. Kuskuren yana wajen gaggawar yanke hukunci.

A 2009 kuwa yara biyu ne suka buɗe ido. Yaro ɗan shekara 10 da yarinya ƴar shekara 9, a kudancin Kalifoniya, tsakaninsu kimanin kilomita 200, ba su san juna ba, ba wanda ya taɓa alade. An ɗauki samfurinsu, awo ya nuna mura ce amma ba ta dace da irin da aka saba gani ba. Ma'aikatan ba su jefar da sakamakon ba, suka tura Atlanta. A tsakiyar Afrilu aka tabbatar sabuwar ƙwaya ce, H1N1. Tunda yaran ba su kusanci alade ba, ke nan daga mutum zuwa mutum take bi. Nan maganar abokin aikina ta rushe: da zarar ta koyi bin numfashin mutane, alade ya fita daga zance. Masar ta yanka aladunta a wannan shekara, hakan bai hana cutar shiga ƙasar ba. Meziko ta rufe makarantu. Ranar 11 ga Yuni OMS ta ayyana annoba ta duniya, Saudiyya kuma ta shawarci tsofaffi da yara da masu ciki su jinkirta aikin hajjin shekarar.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Lokacin da aka ayyana ƙarshen annobar a Agustan 2010, mamatan da awo ya tabbatar ba su wuce 18,500 da wani abu ba. A 2012 masana suka sake lissafi, suka ƙiyasta tsakanin 151,700 da 575,400, kuma kusan rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Inda babu ɗakin gwaji, yaro kan rasu a ce zazzaɓi ne ko sanyi, a rufe shi, ba a rubuta ko'ina ba.

A nan Nijar, a 2009 ɗin ne aka soma sa ido kan mura ta hanyar zaɓaɓɓun asibitoci da ke aika samfuri zuwa cibiyar CERMES a Yamai. Irin wannan aiki ne ya nuna cewa cutar ta makara kafin ta bazu a yawancin Afirka ta Yamma, sai farkon 2010. Yanzu ta zama ɗaya daga cikin murar da ke zagayowa kowace shekara.

Iyaye da malamai, farkon wannan sarƙa yana hannunmu. Ɗakin gwaji ba ya ganin yaron da ba a kai shi likita ba. Mu ne muke kiran suna kowace safiya. In a mako guda yara goma na aji ɗaya sun yi fashi da zazzaɓi da tari, malam ya rubuta ranaku da sunaye, ya sanar da darakta, a sanar da majo na CSI mafi kusa. Uwa kuma, in numfashin yaro ya yi sauri ko ƙirjinsa na lotsawa, ta kai shi a ranar, kada ta tura shi aji.

Na shekara da yawa ina rubuta "bai zo ba" a littafin kiran suna ba tare da tambayar dalili ba. Tun 2010 na ƙara layi ɗaya a gefen shafi, inda nake rubuta abin da ya hana yaro zuwa.