Tsakanin Arba'in da Ɗari da Ashirin: Tarihin Iyaka Biyu a Lissafin Ƙasar Bici

A darasin aljabara akwai wani babi da ake kira rashin daidaito mai iyaka biyu, inda ake neman adadin da bai gaza wata iyaka ba, kuma bai zarce wata ba. Ɗalibai da dama a ƙasar Bici suna ɗaukarsa baƙon ilimi da ya zo tare da boko. Tarihi kuwa ya nuna cewa alamomin ne baƙi. Tunanin ya daɗe a zaurukan malamai da garaken makiyaya.

Tushensa a wajenmu shi ne babin zakka. A wasiƙar da Halifa Abubakar ya rubuta wa Anas ɗan Malik sa'ad da ya aike shi Baharain, wadda Buhari ya ruwaito, an tsara zakkar dabbobi hawa-hawa. Wannan tsari ya iso ƙasar Hausa ta littattafan Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996. Tumaki ko awaki daga 40 zuwa 120, ɗaya ake fitarwa. Daga 121 zuwa 200, biyu. Shanu daga 30 zuwa 39, maraƙi ɗaya. Kowane hawa yana da ƙasa da sama, kuma dole sharuɗɗan biyu su cika tare. Wanda ya fita daga hawan farko, ko dai bai kai 40 ba, ko kuma ya wuce 120. Wannan "da" da wannan "ko" su ne ginshiƙan babin a aljabara.

A ɗauki makiyayi mai tumaki 90 da suka haihu kafin shekara ta zagayo. A mazhabar Malik ana ƙirga 'ya'yan tare da iyayensu. To, 'ya'ya nawa za su kai shi hawa na biyu? Ɗan makaranta zai rubuta 121 ≤ 90 + x ≤ 200, ya cire 90 daga sassan uku, ya sami 31 ≤ x ≤ 110. Malamin zaure ya kan kai ga wannan amsa da ka. Ya kuma san cewa ɗan tunkiya guda, na talatin da ɗaya, shi ke ƙara wa matalauci tunkiya sukutum. Saboda haka kuskure a bakin iyaka tauye haƙƙi ne.

Ita kanta aljabara a irin wannan hidima ta girma. Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen 820, ya keɓe babban kaso nasa ga lissafin gado da wasiyya. Alamomin kuwa daga baya suka zo: < da > sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot na Ingila da aka buga a 1631, shekara goma bayan mutuwarsa, sannan Pierre Bouguer na Faransa ya yi amfani da alamar da ke haɗa iyakar kanta a 1734. A wannan zamani ne Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, yake rubuce-rubucen lissafi, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai a 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, lissafin boko ya fara shigowa.

Tun daga nan ilimin ya rabu gida biyu, almajiri ya riƙe hukunci babu alama, ɗan boko ya riƙe alama babu labarin inda za ta yi amfani. A ƙasa irin ta Bici, inda gona ke jingine da gona, kusan kowane gida kuma yana kiwon tumaki da awaki, wannan rabuwa asara ce ga duka biyun. Malaman da ake horarwa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici suna da misali a ƙofar gida. Yaron da aka fara masa babin da garken mahaifinsa zai gane dalilin da ya sa 120 take ciki, 121 take waje, tun kafin a zana masa alamar a allo.